Dodo 18 a Talabijin, Gwani 80 a Fage: Wa Ke Auna Ƙarfi?

A kan wani dodo mai kai uku rigimar ta tashi.

Da la'asar sakaliya ne, a wata rumfar cajin waya a Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarumfa, inda farantin sola guda ke ciyar da wayoyin unguwa, da ƴar talabijin, da wata tsohuwar PlayStation 2 wadda ta sha hannu har rubutun jikinta ya goge. Dokar rumfar ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: wanda aka kayar shi ke biya, wanda ya yi kaye ya ci gaba da zama. Wani siririn yaro ya kafe a kan benci tun bayan azahar. Duk wanda ya karɓi hannu na biyu, sai ya ajiye dala goma ya tashi yana ƙunƙuni. Ɗan ƙanwata, wanda na biyo sawunsa don uwarsa ta gaji da jiran aike, ya sha kaye uku a jere. Yana hango ni ya riga ni magana.

"Kawu, wallahi ba iyawa ba ce, dodon ne. A hana shi ɗaukar mai kai ukun nan mu gani."

Akwai wani dattijo a gefe yana jiran wayarsa ta cika. Ko ba a faɗa ba, kaurin wuyansa da yadda yake dasa ƙafa sun nuna ya taɓa ɗaura ɗamara a fagen kokawa. Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, a fagenmu ma an yi masu kai uku. Ba hana su ake yi ba, ƙafarsu ake nema."

Ba su sani ba, amma gardamar da yaron da dattijon suka buɗe ita ce wadda kamfanonin gem na Japan da Amurka suka shafe fiye da shekara 30 suna zuba kuɗi a kanta, har yau ba su rufe ta ba.

Wasan da ke kan talabijin ɗin sunansa Godzilla: Save the Earth. Wani kamfanin Amurka mai suna Pipeworks ne ya ƙera shi, ya fito a 2004, da dodanni 18 da mutum zai zaɓa. Shi Godzilla ɗin ya girmi kakannin yaran rumfar da yawa, don kamfanin Toho na Japan ya fara fito da shi a fim tun 1954. Mai kai ukun kuwa King Ghidorah ne, tsohon abokin gabarsa. A cikin jerin akwai Rodan, mai fiffike da sauri amma ba ya jure duka. Akwai Anguirus, gajere mai ƙaya a gadon baya kamar bushiya. Akwai Megalon da ke nutsewa cikin ƙasa ya ɓullo a ƙarƙashin ƙafarka, da Mothra wadda ke shiga fage a matsayin tsutsa ta rikiɗe ta yi fiffike. Wasan da ya gabace shi a 2002 dodo 11 ke cikinsa lokacin da ya fara fitowa. Wanda ya biyo baya a 2007 ya kai 26 a kan na'urar Wii, 20 a kan PlayStation 2. Kowace fitowa, abin da ake talla da shi ke nan: an ƙara dodanni.

To amma ƙarin dodo ba kamar ƙarin buhu a rumbu ba ne. Kowane sabon dodo sai ya haɗu da duk waɗanda ya tarar. Idan ƴan wasa 8 ne, karo iri 28 za a iya haɗawa tsakaninsu. Idan sun zama 18, karon ya koma 153. A 26 kuwa, 325. Wasan Nintendo mai suna Super Smash Bros. Ultimate, da ya fito a 2018, ƴan wasansa sun kai 89 bayan ƙare-ƙaren da aka yi ta yi har 2021, wato karo 3,916. Babu ma'aikatan da za su zauna su gwada wannan duka kafin kaya su fita kasuwa. Masu saye ne ke ƙarasa gwajin, da kuɗinsu.

Yawan suna daban, yawan iri daban

Akwai wata tsohuwar dabara ta cika jeri ba tare da ciwon kai ba, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan gem a Maraɗi ko Katsina ya gan ta da idonsa. A Mortal Kombat na farko, 1992, mutum bakwai ake zaɓa. Biyu daga ciki, Scorpion da Sub-Zero, mutum ɗaya aka ɗauka hoto, aka rina kayan ɗaya rawaya, na ɗayan shuɗi. Primal Rage na 1994, inda manyan namun dawa da birai ke yaƙi, shi ma bakwai ne, amma huɗu daga ciki jiki biyu suka raba: biri biyu ƙira ɗaya, ƙadangare biyu ƙira ɗaya, aka bambanta launi da makami. Ko wasan Godzilla na 2002, cikin 11 ɗin nan Godzilla biyu ne, Ghidorah ma biyu, na nama da wanda aka yi wa ƙari da ƙarfe.

Ban ɗauki wannan duka a matsayin ha'inci ba. Scorpion yana jawo ka da mashi, Sub-Zero yana daskarar da kai, kuma wanda ya iya ɗaya ba lalle ya iya ɗayan ba. Jiki ɗaya ba laifi ba ne idan faɗan ya bambanta. Inda abin ke ɓaci shi ne a ba ka suna 26 ka tarar hanyar cin nasara uku ce kacal, sauran duk ado.

Wasan da ya kafa ma'aunin da ake bi har yau mutum takwas kawai ya zo da su. Street Fighter II ne, na kamfanin Capcom, 1991. Ryu da Ken kusan tagwaye ne, amma sauran kowa da halinsa. Dhalsim yana miƙa hannu daga can nesa, ba ya son a matso. Guile yana tsugune yana jifa, yana jiran ka yi tsalle. Chun-Li sauri ne jarinta. Sai Zangief, ƙaton Rasha, wanda duk ɗan Nijar da ya gan shi zai gane ɗan kokawa ne: tafiyarsa nauyi, ba ya jifa, zai sha duka kafin ya iso, amma idan ya rungume ka sai ka ji a jikinka. Nan asirin yake. Duk abin da aka ba mutum, an karɓe masa wani abu. Mai ƙarfi an rage masa sauri, mai sauri an rage masa juriya, mai dogon hannu an bar shi da rauni idan aka shigo masa jiki.

Masu ƙera wasan da lissafi suke wannan rabo. Hoto 60 ke giftawa a talabijin cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowane naushi da adadin hoton da yake ci kafin ya sauka, da wanda yake ci kafin hannu ya dawo. A wasan Tekken, ɗan gajeren naushin nan na farko hoto 10 yake ɗauka, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. A ƙara wa wani duka hoto biyu, ko a rage masa, sai gwani ya koma abin tausayi. Su kuma ƴan gasa suna da nasu awon. Idan aka haɗa gwanaye biyu masu iyawa ɗaya suka yi turmi goma, sai a ce karon 5 da 5 ne, ko 6 da 4, ko 7 da 3. Zangief ya daɗe yana shan wahala a hannun masu jifa daga nesa, kuma ba wanda ya ce wasan ya lalace saboda haka, tunda shi ma akwai waɗanda ba sa son ganinsa.

Ni a nan na tsaya. Daidaito ba ya nufin kowa ya zama ɗaya da kowa. Da haka ne, da sai a ba kowa Ryu a huta. Abin da ake nema shi ne kowa ya sami ƙofar da zai bi ya ci, kuma kowa ya kasance da wanda ke hana shi barci. Pokémon, da ya fara a 1996 da halittu 151, a kan wannan aka gina shi: ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana shanye ruwa. Yanzu halittun sun haura dubu, amma zoben nan ne ke riƙe da su.

Abin da fage ya riga su sani

Dattijon rumfar bai taɓa jin sunan Capcom ba, amma wannan karatu ba baƙonsa ba ne. A ƙauyukan kwarin Gulbin Maraɗi, da an sa gero a rumbu, sanyi ya fara shigowa, sai ganga ta kira samari. Babu sikeli a dandali. Ido ne sikeli. Manya ke duban ƙira da shekaru su haɗa sa'a da sa'a, kuma idan ƙato ya nemi wanda bai kai shi ba, ƴan kallo ne za su fara yi masa ihu tun kafin a kama. Kowane gari ya san irin mutanensa: mai ɗauka sama, mai taɗiya, dogon da ke kamo wuya daga nesa, gajeren da ba a samun ƙugunsa, da mai haƙurin nan da zai yi ta dafe da kai har numfashinka ya ƙare. Ba a ce musu jeri, amma jeri ne, kuma ya fi na faifai bambanci don ba a rina mutum ɗaya sau biyu.

Gasar takobin ƙasa ta Nijar ta ɗauki wannan ta kai shi sama. An fara ta a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma wanda ya fara ɗaga takobin ɗan jihar Maraɗi ne, Yakuba Kantu, wanda filin kokawar birnin ke ɗauke da sunansa, kamar yadda na Damagaram ke ɗauke da sunan Langa-Langa, na Doso kuma Salma Ɗan Rani. Yau jihohi takwas ke zuwa, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowacce da mutum goma. Gwani 80 ke nan. Jiha tana karawa da jiha, wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi ko da zai ci gaba da kama wa jiharsa, har a tace a bar waɗanda ba su taɓa ƙasa ba.

Abin lura shi ne gasar takobi ba ta raba mutane da nauyi. Mai kilo 75 yana iya tsintar kansa a gaban wanda ya haura 100. Gasar ƙasashen CEDEAO, da aka sha yi a Yamai da Dakar, ita ta bi hanyar sikeli, rukuni biyar daga kilo 66 zuwa 120. Hanyoyi biyu ke nan na warware matsala ɗaya. Sikeli ya fi adalci a takarda. Amma a tambayi duk wanda ya taɓa manna kunne a rediyo cikin watan Disamba wane kaye ne ya fi tashin fili, zai ce ranar da ƙarami ya shiga ƙarƙashin babba ya tumɓuke shi. Abin da ke ba ƙaramin dama shi ne dokar kayen kanta: ba sai ka fi mutum ƙarfi na minti goma ba, daƙiƙa ɗaya ta isa, idan ka raba shi da ƙafarsa. Dokar ce ma'aunin, ba jikin ba.

Abin dariya, Japanawa sun taɓa haɗa dodanni da kokawa a wuri ɗaya. A 1991 kamfanin SNK ya fitar da King of the Monsters, dodanni shida suna kokawa a tsakiyar birane, suna jifan juna da gine-gine, kuma ba a ci sai an danne abokin karo an ƙirga uku. Da dattijon ya ga wannan, ina jin da ya nemi hannu.

Idan mai kai uku ya tabbata

Sai dai kada a bar ɗan ƙanwata ba mai kare shi. Wani lokaci dodon ne da gaske. A 1994 Capcom ta ɓoye wani ɗan wasa mai suna Akuma a cikin Super Street Fighter II Turbo, ƙarfinsa ya wuce misali har masu shirya gasa a Amurka suka haramta shi. Meta Knight na Super Smash Bros. Brawl, 2008, ya mamaye gasa har wasu wurare suka hana ɗaukarsa. Na kusa-kusa shi ne Leroy Smith na Tekken 7: a gasar EVO ta Japan a farkon 2020, shida daga cikin takwas na ƙarshe da shi suka yi wasa. Jeri na mutum kusan 50 ya koma na mutum ɗaya. Bayan haka kamfanin ya rage masa ƙarfi.

Wannan ragewar ita ce abin da zamani ya kawo. Yau idan ɗan wasa ya fi ƙarfin jeri, kamfani yana aiko da gyara ta intanet, kamar facin taya, a ƙara wa wannan hoto biyu, a rage wa wancan duka. GigaBash, wasan dodanni da wani kamfanin Malesiya ya fitar a 2022 da dodo goma, a cikin wannan duniyar aka haife shi, ana ƙara masa baƙi ana gyara awo. Amma faifan da ke juyawa a rumfar Sarkin Yamma yadda aka buga shi a 2004 haka zai mutu. Babu facin da zai iso shi. Duk kuskuren da ma'aikatan Pipeworks suka yi, yaran nan sun gaje shi, kuma su ne za su san yadda za su yi da shi.

A nan ne suka fi kama da fagen kokawa fiye da ƴan gasar Tokyo. Ba wanda zai iya aiko da faci a rage wa ɗan kokawa ƙarfin ƙugu. Kadri Abdu na Doso, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya ɗaga takobi sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Shekaru aka yi ana shiga gasa da tambaya ɗaya: wa zai kayar da shi? Wasu sun ce abin ya fara gundura. Wasu suka ce ai shi ne ma ya cika fili, don kowa na son ya kasance a wurin ranar da abin zai faru. Ba a hana shi shiga ba, ba a ɗaura masa dutse a ƙafa ba. Jihohi bakwai suka yi ta nazarin kamunsa da tsayuwarsa. A Disamban 2024, a Doso, a gaban mutanensa, Abba Ibrahim na Yamai ya yi galaba a kansa a karon ƙarshe.

Bambancin da dattijon bai lissafa ba shi ne Isaka mutum ne: yana gajiya, yana tsufa, yana iya kwana da ciwon gwiwa. Ghidorah ba ya tsufa. Kuma ɗan kokawar da ya faɗi ba ya biyan dala goma. Dokar "wanda aka kayar shi ke biya" tana mai da ɗan ƙaramin rinjaye ya zama haraji. Yaron da ke cin nasara yana samun horo kyauta duk yini, wanda ke faɗuwa kuɗinsa na ƙarewa kafin ya koyi inda ƙafar take. Ko da dodannin sun yi daidai, bencin bai yi ba.

Akwai kuma ruɗanin da ke tsakanin mai ƙarfi da mai sauƙi. Duk wanda ya yi zamanin Tekken 3 ya tuna Eddy Gordo, ɗan Barazil mai rawa da ƙafa. Yaron da bai san komai ba zai yi ta danna maɓalli biyu ya share rumfa, har a yi ta rantsuwa cewa Eddy cuta ne. A hannun ƙwararru kuwa ba shi ne abin tsoro ba, don sun san inda rawar ke da rami. Sau da yawa abin da rumfa ta kira cuta, jahilcin maganinsa ne. Kuma ba dole maganin ya fito daga manyan birane ba. A 2019 wani matashi daga Lahore ta Pakistan, Arslan Ash, ya ci gasar Tekken 7 ta EVO a Japan, ya sake cin ta Amurka a shekarar, duniya ta wayi gari ta gane akwai wasu ƴan ƙananan gidajen gem da ba a san da su ba, inda aka yi shekaru ana warware wasan ta wata hanya daban.

Ina kallon allon zaɓen dodannin nan, sai tatsuniya ta faɗo mini. Mu ma muna da jerinmu. Akwai Dodo mai haɗiye mutane, da Kura mai ƙarfi da wauta, da Gizo da ba shi da komai sai wayo, da Ɓotorami, da macijin rijiyar Kusugu. Akwai kuma Zanƙallala, wanda wani Bature mai suna Tremearne ya rubuta labarinsa a 1913: ɗan mitsitsin abu, maciji ne sandarsa, ƙudan zuma ne hularsa. Dodo ya haɗiye shi ya fito, ya sake haɗiyewa ya sake fitowa, har ta ƙarshe ya fasa ta ka, Dodo ya faɗi. Ranar da wani ɗan Maraɗi ko Katsina zai zauna ya ƙera wasan waɗannan, Zanƙallala ne zai hana shi barci, ba Dodo ba. Yaya za ka sa wanda ba a iya haɗiyewa a cikin jeri, kuma ka bar wa sauran ƙofa? Kakanninmu ba su damu ba, don a tatsuniya ba a yin turmi na biyu.

Mai rumfar, wanda duk wannan bai dame shi ba sai da ya ga yara sun fara komawa da kuɗinsu a aljihu, shi ya yanke hukunci. Bai haramta mai kai uku ba. Cewa ya yi duk wanda ya yi kaye uku a jere, dole ya sauka daga kan dodonsa ya ɗauki wani, kuma wanda ya shigo yana da ikon ɗaukar wanda aka saki. Dattijon ya zare wayarsa daga caji, ya ce wannan ba dokar fage ba ce, amma bai tafi ba, ya gyara tsayuwa.

Siririn yaron ya yi ta yawo a kan allon, ya tsaya a kan gajeren nan mai ƙaya a baya. Ɗan ƙanwata ya juyo ya miƙo mini hannu.

"Kawu, ara mini dala goma. Yanzu za ka gani."

Na ba shi. Ya ɗauki mai kai uku, ya gyara zama, ya goge tafin hannunsa a wando. Kafin ladan ya gama kiran magariba, kuɗin na cikin gwangwanin mai rumfa, mu kuma muna kan hanyar gida da kullin zogalen da aka aike shi tun azahar, yana yi mini bayanin cewa hannu na biyu maɓallinsa ɗaya ba ya dannuwa.